Mai Igiya da Zarto Mai Batir

Duk wanda ya taɓa kiran masu sare bishiya a unguwar nan ya san Mai Igiya. Ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don mutumin bai iya magana a hankali ba. Gajere ne kakkaura, wuya kamar turmi, tafin hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shiga. Shekara talatin da ɗoriya yana tsaye a gindin bishiyoyin mutane da igiya a hannu, ƙaninsa yana sama yana yanka. Ƙanin nan shi ne Auta, kuma har yau Auta ake ce masa, duk da furfura ta cinye masa gemu. Na ukunsu Dogo ne, direban akori-kurar da ke kwashe rassa, mutum ne da sai ya wuni bai ce uffan ba.

Mutane sun raina aikin igiya, kuma wannan yana cikin abin da ya daɗe yana ƙona wa Mai Igiya rai. Sai a gama aiki mai gida ya fito yana ta kambama Auta, wai kai ne ka hau can ƙololuwa, Allah ya yi maka baiwa. Na ƙasa kuwa a ce masa sannu kawai, kamar wanda ya zo kallo. To, duk mai ganin wasa ne ya zo ya gwada. Ga reshe mai nauyin saniya, a ƙarƙashinsa ga rufin kwano, ga wayar lantarki, ga motar mai gida da ya ƙi matsar da ita don taurin kai. Auta zai ɗaure reshen, ya zarga igiyar ta wani reshe da ya fi shi tsawo, ya jefo sauran ƙasa. Mai Igiya ya naɗa ta sau biyu a jikin bishiyar, ya kafa ƙafa. Reshe yana rabuwa da uwarsa duk nauyin nan hannunsa yake komawa, shi zai sauko da shi sannu a hankali ya ajiye shi inda ya ga dama. In ya yi saurin saki, rufi ya tafi. In ya riƙe gam ya wuce kima, reshen ya yi lilo ya dawo ya kwashe Auta daga sama. Shekara talatin ko tukunyar fure bai taɓa fasawa ba.

Kuma ba da ido ake wannan aikin ba. Wane ido? Ganye ya ɓoye na sama, rana tana dukan fuska, garin katako yana zubowa. Da kunne ake yi. Injinsu na dā mai shan fetur, wanda suke kira Tsoho, magana yake yi ga wanda ya iya saurare. In yana rataye a ƙugun Auta, gunaguni yake yi ƙasa-ƙasa. In ya ciji itace sai ya koma gurnani. In saura kaɗan reshe ya tsinke sai muryar ta sake, ta yi sama, to a nan Mai Igiya yake danne igiya. Doka ɗaya ce kuma tun daga farko: muddin inji yana kuka, ko kaza ba ta shiga ƙarƙashin bishiya. In Auta ya kashe shi, wuri ya yi tsit, sai a shiga a kwance igiya a ja rassa. Sukan wuni a bishiya ɗaya ba su ce wa juna kalma biyar ba. Mai Igiya yana da wata karkata kai da yake yi, kunnen dama sama, ido a lumshe, duk wanda ya gan shi a haka ya san ba lokacin gaisuwa ba ne.

Ubansu da gatari ya yi sana'ar. Mai Igiya ne ya fara hawa, shi ya koya wa Auta inda ake dafawa da inda ba a yarda da shi. Da jiki ya yi masa nauyi sai ya sauko ya kama igiya, ya kuma ɗauki aikin da ba wanda yake so, wato gutsuttsura gungume in bishiya ta kwanta. Wuni guda kansa yana dab da inji. Auta tun yana saurayi yake cusa auduga a kunne, daga baya ya sayo abin toshewa mai kama da kofi biyu. Mai Igiya ya yi masa dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi da kunne yake cin abinci, in ya toshe shi ya ci me?

To, jiki magayi. Kunnen bai tafi rana ɗaya ba. Tsuntsaye ne suka fara daina kuka a unguwar. Sai wayarsa ta koma ba ta ƙara sai dai ta yi ta rawa a aljihu. Sai muryar mata da ta jikoki ta zama kamar daga bayan bango ake yin ta. A madadin duk waɗannan sai wani gyare ya tare masa a cikin kai, yana ta tsiii ba hutu. Muryar maza masu kauri dai yana ji, Tsoho kuwa har a ƙirji yake jin sa, saboda haka aiki ya rufa masa asiri. A titi ana cewa Mai Igiya ya fara girman kai, a gaishe shi ya yi kunnen uwar shegu. Bai damu ba. Gara a ce masa mai girman kai. Matarsa ce kaɗai ta gane, don ita ke kiransa sau uku daga kicin bai waiwayo ba. Ranar da ta ce, cikin lallami, ko Malam zai je a duba masa kunnen nan, ya hau ta da faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Daga ranar ta koyi zuwa gabansa ta tsaya kafin ta buɗe baki.

Ana haka Auta ya shigo gida wata rana da kwalaye. Zarto ne mai batir, da injin huda, da wani na hure ganye, duka batir iri ɗaya suke ci, ga batiran guda huɗu da abin cajinsu. Auta yana da dalilinsa, ba za a ce ba shi da shi ba. Kafaɗarsa ta dama ta lalace. Tsoho ya tsufa, sai an ja zaren tashinsa sau goma yana tari kafin ya kama, kuma jan nan a sama ake yin sa, mutum yana rataye, ƙafa ɗaya a reshe. Ga masu makarantu da masu asibiti sun fara ba wasu aiki, wai ƙara da hayaƙi sun yi yawa. Mai shagon da ya sayar masa ya yi ta zuba, ba fetur, ba fulogi, ba hayaƙi, danna kunama kawai ya kama, saki ya tsaya, kuma ba ya damun maƙwabta. Shirun nan shi ne abin da ya fi tallatawa. Mutumin da bai taɓa tsayawa a ƙarƙashin reshe ba, ina zai san shiru yana kisa?

Mai Igiya ya zagaya abin yana kallo kamar an kawo mushe tsakar gida. Ya tambaya wannan zarto ne ko injin aski. Ya ce zarton da sai an ba shi nono a bango kamar wayar hannu, shi ne zai kayar da bishiya? Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Auta ya yi dariya ya ce ai shi ya hau abin da ya fi rimi, bai hango komai ba sai ciwon kafaɗa. A ranar faɗan na Mai Igiya na al'ada ne kawai, irin na wanda ba a yi shawara da shi ba. Har ma da Auta ya fita, ya ɗauki injin hudan a ɓoye ya ɗaure wa matarsa ƙofar kabad ɗin da ta shekara biyu tana reto, ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta faɗa.

Washegari a gindin wani mangwaro ya gane abin da ya shigo masa gida. Auta ya hau, ya ɗaure reshe, ya jefo igiya. Mai Igiya ya naɗa, ya karkata kai yana jira a ta da inji. Shiru. Yana cikin tunanin ko abin banzan ya ƙi tashi ne, sai igiya ta fizge shi har ya kusa kifawa. An yanke reshen tas bai ji komai ba. Ya duba Dogo, ya ga ya yamutsa fuska yana sosa kunne, alamar akwai ƙara, kuma mai tsini. Kukan sabon zarton siriri ne, irin muryar da kunnensa ya daɗe da sallama, kuma daidai yake da na gyaren da ke cikin kansa. In yana riƙe da shi a hannu yana ji. In ya hau sama, ba ya iya raba su.

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ya san Auta. In ya gane yayansa ba ya jin zarto, ranar zai karɓe igiya, don ransa ne a jikinta. Shi kuwa in aka raba shi da igiya me ya rage? Sunansa na yanka ma mutane sun manta. Sai ya yanke abu ɗaya a ransa, ba wanda zai sani. Ya koyi kallon garin katako, in yana zubowa ana yanka. Ya koyi ɗora yatsa a igiya yana jin 'yar karkarwar da take yi. Ya koyi satar kallon fuskar Dogo. Kuma da yake tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ya buɗe wa zarton wuta ba dare ba rana. Sarƙarsa siririya ce, ba ta cizo. Batirinsa yana zafi. Rannan da batir ya mutu ana tsakiyar yanka, reshe ya tsaya rabi a sama, sai da ya yi sati yana ba da labarin, har masu shayi suka haddace. Auta ya ɗinka jaka ya riƙa hawa da batir na biyu. Kullum da safe Mai Igiya sai ya goge Tsoho ya zuba masa mai ya ɗora a mota, Auta ya sauke, shi ya mayar. Wata biyu suna wannan. Dogo yana zaune a gaban mota yana jira su gama.

Aikin da ya tona asiri a gidan wata tsohuwar malamar makaranta ne. Doguwar bishiyar turare ce a tsakar gidan, ta karkato kan hanyar da ta taso daga ƙofar kicin zuwa ƙofar waje. Ranar akwai iska, kuma gidan a bakin titi yake, manyan motoci suna ta wucewa. Kafin azahar sun sauke manyan rassan lafiya lau. Saura guntayen kututture, waɗanda ba a ɗaure wa igiya, Auta yana yankewa yana sakowa su faɗo fili, don ya san dokar, ana yanka ba a shiga. Dogo yana waje yana loda mota. Mai Igiya yana tsaye gefe, igiya a kafaɗa, ba ta haɗe da komai.

Sai ga Malama ta fito da faranti, jug ɗin ruwan sanyi da kofuna uku a kai. Mace ce mai hankali, ba ta afka ba. Ta tsaya a bakin inuwar ta yi magana. Bai ji abin da ta ce ba, amma ya gane, tambaya take ko ta wuce. Abin da ya kamata ya yi a fili yake, ya ɗaga kai ya nemi Auta da ido, ko ya ce ta zagaya. Bai yi ba. Sabo turken wawa. Wuyansa ya karkata da kansa, kunnen dama sama, ido a lumshe, kamar yadda ya yi sau dubu nawa. Ba gurnani, ba gunaguni. Garin katako kuwa iska tana kwashe shi tana watsawa bayan katanga.

"Wuce, Malama," ya ce. "Ya kashe."

Taku huɗu ta yi. Kututture mai kaurin cinya ya sauko ya doke farantin daga hannunta, ya dira a kan ƙafarta ta hagu. Wannan ƙarar kam ya ji ta. Malama ta zauna daɓas cikin ruwa da fasassun kofuna, ta riƙe gwiwa, ko ihu ba ta yi ba. Auta ya sauko daga bishiyar nan da saurin da Mai Igiya bai taɓa ganin ya yi ba, har ya saɓule fatar hannu. Auta da Dogo suka ɗauke ta zuwa mota. A asibiti aka ce ƙasusuwa uku sun karye a tafin ƙafar. Abin da ya fi soke Mai Igiya shi ne abin da ta faɗa wa Auta a hanya, Dogo ya maimaita masa daga baya da ƙarfi. Ta ce ita ta ji zarton yana ƙara sarai, shi ya sa ta tambaya. Amma da mai shekara talatin a aiki ya ce wuce, ita wa ce ce da za ta yi gardama?

Da la'asar suka koma gida. Gidan nasu mai dogon fili ne, shagon kayan aiki a can ƙurya, ƙofar waje a wannan ƙarshen. Mai Igiya ya tsaya a ƙofar shago ya ba Auta baya, yana naɗe igiya yana zazzaga masifa. Ai ga irinta nan. Ai ya faɗa. Zarton munafuki, mai yin lamo kamar maciji, ka saki kunama ya yi shiru a ɗauka ya mutu, ka danna ya sare mutum. Da Tsoho ne da matar nan tana tsaye da ƙafarta. A ɗauki tarkacen nan a mayar wa mai shagon, a ce masa ya je ya aske kan ubansa da shi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma wannan tsautsayin da kwali aka shigo da shi gidan nan. Yana faɗa yana ƙara zafi, don shi kansa ya fara yarda da abin da yake faɗa.

Kaji ne suka katse shi. Ya ga sun zo a guje sun wuce ta tsakanin ƙafafunsa suna fuka-fuki. Ya waiwaya. Auta yana tsaye a bakin ƙofar waje, nisan tsawon bishiya guda, zarto a hannu, yatsa a kan kunama, sarƙa tana ta gudu a iska. Matar Mai Igiya tana ƙofar kicin ta toshe kunne ɗaya. Dogo ya sunkuyar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Auta ya saki kunama, ya ajiye zarton a ƙasa, ya tako har gabansa.

"Tun ka fara zancen Tsoho nake danne da shi, Yaya. Tun yaushe ne?"

"Tun yaushe me? Ina magana zan saurari injin askinka?"

"Tun yaushe ne ba ka ji?"

Zuciya ta kawo wa Mai Igiya iya wuya. Ya juya kan matarsa ya ce ita ce ta kai shi ta baro. Ta zo gabansa ta tsaya, yadda ta saba, ta ce wallahi ba ta faɗa wa kowa ba, kuma yau ta yi da na sanin shirun da ta yi. Sai ya koma kan Auta. Ya ce to an ji, kunnensa ya yi nauyi, sai me? Tsoho yana nan, ga shi can a goge da mai a ciki. A dawo da shi gobe a ga ko zai ƙara kuskure. Shi da ya yi shekara talatin bai fasa ko tukunya ba, wata biyu da zuwan wannan abin an karya mace. Laifin wa ke nan?

Auta ya ɗaga hannunsa na dama a hankali. Da ya kai daidai kafaɗa sai ya tsaya, fuskarsa ta murtuke, gumi ya tsatso masa.

"Iyakarsa ke nan. Da wannan zan ja zaren Tsoho a sama? Kuma ko na ja, bana kana jin sa, baɗi fa?" Ya sauke hannun. "Wata biyu ina rataye a kan igiyarka kana canka. Ba ka faɗa mini ba. Yau ƙafa ce. Da kanta ya samu fa?"

"Ni na koya maka hawa, Auta."

"Kai ka koya mini. Kai ka ce duk wanda ba ya jin inji kada in bari ya tsaya mini a ƙasa, ko ubanmu ne. Igiyar nan ba za ka sake riƙe ta ina sama ba."

Ya faɗe shi da ƙarfi, kalma-kalma, don kada a ce ba a ji ba. Mai Igiya ya ɗaga igiyar kamar zai tsula masa. Auta bai goce ba. Suka tsaya haka, tsofaffi biyu, ɗaya da furfura ɗaya da sanƙo. Sai ya yi jifa da ita a ƙasa ya shige ɗaki ya banko ƙofa har sai da ƙura ta zubo.

Kwana huɗu bai fito aiki ba. Ya yi fushi da Auta, ya yi fushi da mai shago, ya yi fushi da matarsa don ta kawo masa abinci da wuri, ya yi fushi da ita don ta kawo a makare. Har Tsoho bai tsira ba, ya tsaya a kansa a shago ya zage shi tas, ya ce na ba ka mai, na ba ka kunne, ka cinye duka. Wanda ya fi jin haushinsa, wato shi kansa, shi ne bai ambata ba. A rana ta uku ya saka riga ya je gaishe da Malama. Tana zaune, ƙafa a naɗe an ɗora a kan kujera. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, abin da bai taɓa yi wa mai gida ba. Ta ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Amma da ihu ta faɗa, tana buɗe baki sosai, yadda ake yi wa wanda aka ba da labarinsa. A hanyar dawowa mai burodi ya ƙwala masa gaisuwa kamar yana hayin kogi. Mai gyaran babur ya yi masa sannu da hannu yana nuna kunne. Unguwa duka ta ji. Mutanen da jiya suke ce masa mai girman kai yau sun koma tausayinsa, kuma wallahi na jiyan ya fi masa daɗi.

Auta ne ya zo ya same shi da zancen aiki. Bai kore shi ba, ina, rabonsa yana nan yadda yake. Sai dai shago yana bukatar mutum. A wasa sarƙoƙi da magagari, ba wanda ya kai shi iya wannan. A kula da batira, kada a sa su caji da zafinsu, kada a bar su a rana, in fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya kore a cire a sa wani. Da tsakar rana Dogo zai zo ya kawo waɗanda suka mutu ya ɗauki masu rai. Aiki ne na ido, in ji Auta. Mai Igiya ya dube shi sama da ƙasa ya ce wato mai gadin caji. Auta ya ce shi bai ce haka ba.

Da safe ya fito ya tarar ana loda mota. Dogo ne zai riƙe igiya. Yana naɗe ta a gwiwar hannu kamar mai kwashe shanya, tana murɗewa tana cin kanta. Mai Igiya ya ga abin da ransa ba zai ɗauka ba. Ya fizge ta, ya warware ta duka a ƙasa, ya sake naɗewa zobe-zobe yana faɗa, igiyar da ta murɗe a hannu take maƙalewa, naɗi biyu ake yi a jikin bishiya ba uku ba, kada ya kuskura ya naɗa ta a wuyan hannu in yana son hannun, kuma ya tsaya inda zai iya gudu. Dogo yana ta gyaɗa kai. Da ya gama, igiyar ta yi kyau a hannunsa kamar kullum, ya tsaya riƙe da ita. Ba wanda ya ce ya kawo. Shi ya miƙa.

Mota ta tashi. Ta kai bakin ƙofa sai Auta ya leƙo ta taga ya yi masa magana, doguwar magana, har da dafa ƙirji. Ƙarar mota ta haɗiye ta. Mai Igiya ya ga bakin ƙaninsa yana motsi, ya ga idonsa ya yi ja. Ko haƙuri yake ba shi, ko zancen batir ne, bai sani ba, kuma ya gwammace ya mutu da ya ce a maimaita. Ya ɗaga hannu, mota ta fice.

Ya koma shago. Batira biyu suna kan katako, fitilarsu tana ƙiftawa. Ya jawo benci ya zauna a gabansu, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana jira su tsaya kore.